Na Tsaya Wa Kofur Bashin Gida, Na Rama A Jidda

Malam Edita, sallama gare ka, kai da masu karanta wannan fili. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba. A lokacin da wannan abu ya faro ni sajan ne a soja, igiya uku a hannu, ina dab da ajiye kaki bayan na ƙarar da ƙuruciyata a bariki. Mutum ne ni mai zafin rai, wannan kowa ya shaida, amma ban taɓa cin haƙƙin na ƙasa da ni ba, ban kuma taɓa barin abokin aiki a daji ba. Ina da mata da 'ya'ya, kuma tun ranar da aka kawo min ita ba ta san wani gida ba sai ɗaki da falo na bariki, inda in maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu. Duk garin da aka yi min canji, haka za ta naɗe labule, ta ɗaure kwanuka, a hau babbar mota. Ba ta taɓa tambayata zinari ba. Abu ɗaya take yawan faɗa min, wai tana so kafin ta mutu ta dasa lemo a tsakar gidan da ba wanda zai aiko ya ce ta tashi. Da ritayata ta matso har ta samo ɗan dashe ta sa a bokitin fenti, tana ba shi ruwa a bakin ƙofa, matan bariki suna yi mata tsiya wai ta fara gini daga bishiya. Na yi mata alkawarin gidan nan, kuma a raina alkawarin ya fi duk wata lamba da aka taɓa maƙala min a ƙirji.

Akwai abokina da zan riƙa kira Kofur, don a wannan muƙamin ya daɗe. Tun muna kurata muke tare, kwano ɗaya, bargo ɗaya. Shi ɓangaren gyara yake, janareto da firji da duk abin da ke da waya hannunsa na ji. Iyalinsa na ƙauye, don haka a gidana yake ci. Matata ta san yana son dambu, ko ba ya nan sai ta rufe masa nasa, yarana kuwa Baba Kofur suke ce masa. Wanda bai yi soja ba ba zai gane abin da ke tsakaninmu ba sai na ɗan yi bayani. A daji bibbiyu ake tafiya. Ɗaya zai wuce gaba ya duba, in ya waiwayo ya ce hanya lafiya, na baya tashi kawai zai yi ya bi. Ba a sake dubawa, ba a tambaya. Wanda ya tsaya tantama kan maganar abokinsa shi ke jawo wa jama'a mutuwa, haka aka koya mana da duka da tsallen kwaɗo har ya zauna a jini. Na tsallaka wurare da yawa a kan kalmar Kofur, shi ma ya tsallaka a kan tawa, kuma ga mu da rai.

Shi ya riga ni ajiye aiki da 'yan watanni. A daidai lokacin aka fito da tsarin ba tsofaffin sojoji bashin gina gida, gwamnati ce ta tsaya a bayan abin, a riƙa cira kaɗan-kaɗan daga fansho. Murna a bariki ba a magana, tsofaffi da gemu suna ta zana ɗakuna a ƙasa da tsinke. Sharaɗin kawai shi ne kowa ya kawo tsohon soja ɗan'uwansa ya tsaya masa. Kofur ya same ni ina wanke takalmi, ya ce tunda sunansa ya fito a rukunin farko, in tsaya masa, in nawa ya zo shi ma ya tsaya min, kamar dai yadda muke karɓa-karɓar gadi. Matata da ke jinmu daga kicin ta leƙo ta ce ko zan bari a karanta min sharuɗɗan tukuna. Na daka mata tsawa, abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na tambayi Kofur abu ɗaya, na ce hanya fa? Ya yi dariya ya ce hanya lafiya, Saje. Na sa hannu yadda muke sa hannu a karɓi albashi, ko zama ban yi ba.

Kuɗi suka fito, Kofur ya karɓa. Da farko yana kirana yana ba ni labarin yashi da bulo, daga baya waya ta fara shiga ba a ɗauka, daga nan ta daina shiga gaba ɗaya. Na ce ko rashin lafiya ce. Na je ƙauyensu da kuɗin motata, na tarar da filin da ya ce zai gina, ko harsashi ba a haƙa ba, awaki ke kiwo a ciki, kuma 'yan'uwansa suka ce filin na gado ne, ba wanda ya isa ya taɓa shi. Suka rantse ba su san inda yake ba. Lokacin tantance 'yan fansho ya zo, wanda dole kowa ya bayyana da kansa, Kofur bai zo ba, aka tsayar da fanshonsa. Da aka rasa inda za a cira, sai aka juyo kan wanda ya tsaya masa. Ni ke nan. Na je ofis na yi ta hargagi, wani ma'aikaci ya bar ni na gama, sannan ya gaya min a hankali cewa bayan cirar da za a riƙa yi min, nawa bashin ma an rufe maganarsa har sai an gama biyan na abokina. Na fito ban san ta wace ƙofa na fito ba. Ba a jima ba wa'adin zamanmu a bariki ya cika, aka ba wani ɗakin. Matata ta sake naɗe labule, wannan karon zuwa gidan yayanta, ɗaki ɗaya a bayan gida ita da yara mata, mazan suna kwana a zaure. Ta riƙe bokitin lemonta a cinya har muka isa, ko kallona ba ta yi ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Abin da ya rage na fansho ba ya kai mu tsakiyar wata. Da wani kamfani ya zo neman tsofaffin sojoji aikin gadi a Saudiyya, ban yi shawara da kowa ba na ba da sunana. Haka na tsinci kaina a Jidda, ina gadin wani katafaren sito a Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antun garin, ina da iƙama, wato takardar izinin zama, ina da kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana, komai nawa a kan ƙa'ida. Mutumin da kurata ke rawar jiki in sun hango shi, yau shi ne ke ɗaga wa direbobin tirela sanda, wani yaro sa'an ɗana yana ce masa yalla yalla, wai ya yi sauri. Na haɗiye. Duk sallar da na yi sai na kai ƙarar Kofur wurin Allah, da sunansa da na mahaifinsa, kada ma a samu kuskure. Ranar Juma'a nake hutu, sai in tafi Sa'alaba inda mutanenmu suke da yawa, in yi salla, in ci tuwo da miyar kuka, in ji Hausa ta ratsa kunnena. Yawancinsu umara ko aikin hajji ya kawo su suka zauna, ba takarda, kullum ido na kan titi. Ba su ƙyamace ni ba duk da ina da iƙama. Akwai wani dattijo da aka haifa a nan, kowa Baba yake ce masa, Hausarsa rabi Larabci ce, shi ke sasanta mutane in an samu saɓani. Ya ɗauke ni kamar ƙaninsa.

Wata Juma'a da la'asar na makara, na tsaya a sahun baya a wani ƙaramin masallaci. Liman ya ce a daidaita sahu. A gabana akwai wani mutum mai ƙiba, da farar jallabiya, gemu har ƙirji, kai ka ce a Jidda aka yanke masa cibiya. Kowa ya matsa yadda mutane ke matsawa, shi kuwa sai ya ɗan juya kai dama, ya ja ƙafafu da 'yan gajerun taku masu sauri, tas-tas-tas, ya tsaya cak ya mayar da kai gaba. Gabana ya faɗi. Farar hula ba ya daidaita layi haka. Wannan takun filin fareti ne, kuma ko a cikin sojoji na san mai ɗan jan ƙafar hagu a ƙarshe, don shekaru na yi ina tsaye a gefensa ana zaginmu tare a kan wannan ƙafar. Allah ya yafe min, ban san abin da aka karanta a sallar nan ba. Ana sallamewa na dafa kafaɗarsa ta baya, na kira shi da lambarsa ta soja. Jikinsa ya sandare kafin ya waiwayo.

Da ba a masallaci muke ba da sai dai wani labarin. A waje na shaƙe masa wuyan jallabiya, mutane suka taru, Baba ya ratso ya ce haram, ya ce in ina son kashe shi in bari a shiga daga ciki, kada hayaniya ta jawo askar, wato 'yan sandan ƙasar, a kwashe bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. A ɗakin Baba aka zaunar da mu. Kofur ya yi ta kuka, majina har gemu. Ya ce wani ne ya ruɗe shi ya zuba kuɗin a fataucin kaya, wai kafin a fara gini sun ninka, kaya suka nutse da kuɗin, kunya ta hana shi haɗa ido da ni, shi ne ya lallaɓo da sunan umara ya ɓace. Na dubi tumbinsa na ce lallai kunyar ta karɓe shi. Ashe gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi a shagon wani Bayamane, har manyan gidajen Abhur, unguwar masu kuɗi, ake kai shi, kuma yana samu sosai. Baba ya saurari kowa, sannan ya yanke. Ya ce duk wata Kofur zai kawo min abin da ya fi wanda ake cira min, in riƙa aikawa gida ana rage bashin har ya ƙare. Ya ce ni kuma in riƙe sirrinsa na rashin takarda, don a nan ba a nuna ɗan'uwa da yatsa, duk abin da ya yi. Ya sa aka kawo shinkafa a faranti ɗaya, ya ce mu ci, halas, magana ta mutu. Na sa hannu na ci. Kofur ya ɗauka na haƙura.

Da na kira matata na gaya mata, sai na ji tana hamdala. Ta ce in karɓa, in kama bakina, in bar shi da Allah. Ta ce ita ba ruwanta da ko ya yi nadama ko bai yi ba, ita dai a biya bashin a buɗe maganar namu gidan. Ta san halina, don haka sai da ta sa na yi mata alkawari. Kuma gaskiya Kofur bai saɓa ba. Wata na ƙarewa zai same ni a Sa'alaba ya damƙa min, ni kuma in aika. Ɗana babba da ke kai kuɗin ofis ya ce ma'aikacin nan har ya fara yi masa fara'a, ya ce in aka ci gaba a haka, 'yan shekaru kaɗan za a share bashin a dawo kan takardata. Matata ta fara tambayar farashin bulo. Ta aiko min da hoton lemonta, ya yi tsawo har ya fi ƙarfin bokitin, ta ce ya ƙagu a sauke shi ƙasa. Duk mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa duk ranar da na karɓi kuɗin nan sai in ji kamar ana biyana ladan wulaƙancin da aka yi min ne. Shi yana ƙara ƙiba, yana shiga sahun gaba, ana ce masa usta, wato gwanin sana'a, ni ina ƙone a bakin ƙofar sito.

Abin da ya ƙarasa ni ƙaramin abu ne. Wata rana bayan ya ba ni kuɗin, muna zaune a wurin mai tuwo, sai ya saki jiki kamar da, yana ba mutane labarin yadda muka taɓa kwana a kan bishiya, ana ta dariya. Can ya buga min kafaɗa ya ce yaya Madam, har yanzu tana yin dambun nan nata mai zogale? Wai in ya koma gida a gidana zai fara sauka. A gidana! Na dube shi. Matar da ta yi shekaru tana rufe masa abinci, wadda a ranar take dafa wa 'ya'yanta a murhun aro a bayan gidan wani, tana jiran a gama da banɗaki kafin ta shiga, ita yake tambaya da dariya a bakinsa. Tun da muka haɗu bai taɓa tambayata inda take zaune ba. Bai taɓa cewa in ba shi ita a waya ya roƙe ta gafara ba. Shi a wurinsa kuɗi ya ɗauka, kuɗi yake mayarwa, halas. Na yi murmushi na ce tana nan tana yi. A wurin na ci alwashin sai ya ɗanɗana abin da na ɗanɗana, kuma ba da hannu zan taɓa shi ba.

Na san Kofur ba ya kamuwa da sauƙi. Sojan da ya koyi ɓuya ya fi kowa iyawa. Ba ya bin babban titi, ba ya bin hanya ɗaya sau biyu a jere, Abhur ma sai a bayan motar maigidansa yake zuwa. Ban kuma so in kai rahotonsa a Sa'alaba, kada a zo a haɗa da wasu. Na yi ta jira, kuma jira ba baƙon abu ba ne a wurina. Rannan manajanmu ya tara mu ya ce gobe kowa ya zo da iƙamarsa a aljihu, za a yi taftish, wato binciken takardu, a mashigar unguwar masana'antun tun daga hantsi. Ranar kuwa ta zo daidai da ƙarshen wata. Na yi wa kaina huɗuba mai daɗi, na ce ai in aka mayar da shi gida dole ya je tantancewa, fanshonsa ya dawo, bashinsa ya koma wuyansa, ka ga na yi wa iyalina gata ke nan. Ƙarya nake yi wa kaina, kuma na sani. So nake in ga idonsa. Na kira shi na ce an hana ni hutu wannan makon, kuma ana jiran kuɗin a gida, ya taimaka ya kawo min wurin aiki da hantsi. Bai taɓa taka wannan yankin ba. Sai ya yi min tambayar da na san zai yi.

Ya ce, "Saje, hanya fa?"

Na ce, "Hanya lafiya."

Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Da wani ne ya gaya masa, da sai ya aika an duba, da sai ya tambayi direbobi. Amma ni ne na faɗa, kuma abin da aka dasa mana tun muna kurata yana nan a jikinsa kamar yadda yake a nawa.

Daga inda nake tsaye ina hango mashigar. Na ga tasin da ta kawo shi ta shiga layi, na ga lokacin da ya gane abin da ke gaba, motoci sun riga sun toshe ta baya. Bai yi gudu ba, gwiwarsa ba ta da wannan ƙarfin yanzu. Aka fito da shi, aka tambaye shi takarda, ya shafa aljihu kamar mai nema. Ya bar wata leda a cikin motar, daga baya direban tasin ya miƙo min ita ya ce ai ni aka kawo wa, dabino ne mai kyau da turare, wai a kai wa Madam. Na tako har bakin shingen da kayan gadina, don ina so ya gan ni. Ya gan ni kuwa. Ana tura shi cikin mota ya tsaya ya dube ni, bai yi ihu ba, bai zage ni ba, ya ce Saje, ka ce hanya lafiya. Na ce kai ma haka ka ce min. Aka rufe ƙofa.

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, na ji daɗi. Na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina wanda rabona da shi tun ranar da na ga awaki a filin nan. Ranar na ci abinci har na nemi ƙari, na yi barci kamar jariri. Da aka ce min yana tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, yana kwana a ƙasa cikin cunkoso, na ce ai 'ya'yana ma a zaure suke kwana. Ko yanzu da nake rubutun nan, in na tuno fuskarsa a bakin motar nan, akwai wani ɓangare na zuciyata da ke cewa madalla.

Daɗin bai yi wata guda ba. Kuɗin da ya zo da su ranar sun tafi tare da shi. Aka sauke shi a gida da jallabiyar jikinsa kawai, kayan aikinsa da ɗan abin da ya tara duk suna nan aka watse da su. Na zuba ido in ji ya je tantancewa, shiru. Ashe ya san in ya bayyana kama shi za a yi kan kuɗin ginin da ya karkatar, don haka ko ƙauyensu bai kwana ba ya sake yin layar zana, wasu sun ce ya tsallaka iyaka. Ɗana ya je ofis, ma'aikacin ya ce su ba su ga kowa ba, mai tsayawa dai yana nan, don haka cira na nan daram. Muka koma gidan jiya, sai dai yanzu ba mai kawo komai a ƙarshen wata. Da hannuna na kori mutum ɗaya tilo a duniya da ke biyan bashin nan.

A Sa'alaba ba wanda ya tambaye ni komai, ba su bukata. Direban tasin ɗan unguwar ne, ya riga ya ba da labari. Na je Juma'a, mai tuwo ta ce ya ƙare, alhali ina ganin tukunya na tururi. Na gai da Baba, ya amsa ba tare da ya ɗago ba, sannan ya ce shi bai ce Kofur mutumin kirki ba ne, amma a farantinsa na ci na ce na yarda, kuma yanzu duk mai ɗiya ko ɗa ba takarda in ya gan ni sai gabansa ya faɗi. Ya ce in yi sallata a wani wuri zai fi. Na yi taurin kai na shiga masallacin. Liman ya ce a daidaita sahu, na daidaita, amma na dama da ni ya bar tazara, na hagu ma ya bari. A garin da ake haɗa ƙafa da ƙafa da wanda ba a taɓa gani ba, ni na yi salla da fili a kowane gefe. Ban sake komawa ba.

Matata ce ƙarshen wadda na gaya wa, kuma sai da ta matsa da tambayar dalilin da kuɗi suka tsaya. Na yi ta kwana-kwana, ina cewa ai na rama mata ne, na nuna masa ba a taɓa iyalina a kwana lafiya. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ita yaushe ta aike ni ramuwa? Ta ce gida ta roƙe ni. Ta ce sau biyu ke nan ina rushe mata shi, na farko don ina son Kofur, na biyu don ina ƙinsa, kuma duka biyun ba wanda na tsaya na tuna da ita. Ba ta ɗaga murya ba. Bayan 'yan kwanaki 'yata ta gaya min saiwar lemon ta fasa bokitin, Mama ta haƙa rami a tsakar gidan Kawu ta dasa shi. Na ce a ba ni ita. Na ce don me za ta dasa a gidan da ba namu ba, ta ƙara haƙuri mana. Ta ce itace ba ya iya jira kamar mutum.

Har yau ina Jidda, ina ɗaga wa tirela sanda, ana cira daga fanshona, ina cikawa da albashin gadi. Ban yafe wa Kofur ba, kuma ba na jin zan yafe. Allah ya isa tsakanina da shi, akwai ranar da ba tasi ba iyaka, zan tsaya a gabansa in nemi haƙƙin matata da na 'ya'yana. Abin da ke hana ni barci shi ne na san a wannan ranar ita ma za ta tsaya, kuma ba shi kaɗai za ta nuna ba.

'Yan'uwana tsofaffin sojoji, ku da ake ta kira ku zo ku karɓi bashin gida, tsarin ba shi da laifi, da yawa sun gina sun shiga. Amma in abokinka ya ce ka tsaya masa, ka tuna yanzu ba a daji kuke ba. Mutumin da zai tare maka harsashi ba lallai ne ya iya riƙe kuɗi ba. Ka zauna a karanta maka, ka je ka ga filin da idonka, in matarka ta leƙo daga kicin ta yi magana ka saurare ta, don ita za ta kwana a ɗakin aro in abin ya ɓaci. Wanda kuma aka riga aka cuta irina, in Allah ya kawo maka macucin har yana biya, ka danne zuciyarka ka karɓa, ka bar sauran zuwa lahira. Ni na zaɓi in ga idonsa, na kuma gani. An ce lemon ya fara 'ya'ya bana, yaran gidan yayanta ne ke tsinka.